Ƙuri'a Tara, Ƙofa Uku

Kashe rediyon nan, Dogara. Tun hantsi suke karanto mana lambobi, wane ya samu dubu kaza, wane ya sha kaye, sai ka ce daga sama ƙuri'a take zubowa. Ba wanda zai gaya muku ƙafar wa ta yi tafiya ko bayan wa ya sha sanda kafin lambar ta iso bakin mai karantawa. Ku gyara zama in ba ku wata. Ba tatsuniyar dabbobin daji ba ce, ta mutane ce irinku, kuma in na ƙare ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya ba ni amsa.

Akwai wani ƙauye a ƙetaren gulbi, ana ce masa Gangaren Marke. Ba kwalta, ba asibiti, wutar lantarki kuwa sai dai su hango ta a tsallake. Abu ɗaya Allah ya ba su, fadama. Da rani, lokacin da ƙauyukan tudu ke watsewa ci-rani, su suna gida suna cire albasa da tumatir da barkono. Da fadamar nan ake aure, da ita ake raɗin suna, da ita ake sayen likkafani. Tun kakanni kowane gida ya san iyakar kwaminsa, ba takarda, ba rigima.

Sai ciyaman na ƙaramar hukumarsu ya sa mata ido. Wani mai kuɗi daga birni, wanda ko hanyar ƙauyen bai sani ba, yana so a kewaye masa ita da waya ya yi gonar shinkafa. To amma takardar bayar da fadamar ba ta wucewa sai kansiloli shida cikin goma sun ɗaga hannu. Biyar ciyaman ya riga ya zuba su a aljihu. Huɗu sun ce ba da su ba. Na goman, kansilan mazaɓar da Gangaren Marke ke ciki, Allah ya yi masa rasuwa, aka sa ranar zaɓen cike gurbi. Kun ga ke nan kujera ɗaya ce, amma fadamar mutane tana rataye a jikinta.

Ciyaman ya tsayar da wani Alhaji Namadi a jam'iyyar tsani. Mutanen Gangare suka duba cikinsu suka ɗauko Tasi'u ɗan Iya Yalwa, mai gyaran injin ban-ruwa, suka tsayar da shi a jam'iyyar tulu. Yaro ne da kowa ya sani da baƙin mai a hannu, ba injin da ke fadamar da bai taɓa kwance cikinsa ba. Ranar wata Juma'a, bayan an sauko, ya tsaya a gindin marken da garin ya ci sunansa, ya ɗaga hannun dama ya ce, “Ku dubi hannun nan da kyau. Ranar da ya tashi a kan fadamarku, Allah ya busar da shi.” Tsofaffi suka yi ƙwalla. Uwarsa tana daga bayan zana tana ji.

Rumfunan zaɓe tara ne a mazaɓar. Takwas suna tsallaken gulbi, ɓangaren gari, ta taran ita ce ta Gangare. Ranar Asabar ce, ƙarshen damina, gulbi ya cika ya batse. Rumfunan gari suka gama da wuri suka ƙirga, Namadi yana gaba da ƙuri'a ɗari biyu da sha biyu. Abin da ya rage wa mutanen Namadi abu biyu ne: ko dai a fasa akwatin Gangare kafin a ƙirga shi, ko kuma a hana takardar sakamakonsa isa wurin tattarawa kafin ƙarfe biyar, lokacin da baturen zaɓe zai yi sanarwa. Na ga wani yana taɓa aljihu. Waya, ko? Ba a karɓar sakamako ta waya, sai takarda mai hatimi. Kuma duk Gangare wuri ɗaya waya ke kamawa, kan wani dogon suri a bayan gari, sai mutum ya hau ya tsaya kamar mai korar tsuntsu.

To, a nan mutum ukun da nake so ku auna suka shigo.

Ta farko Hansai ce, matar marigayi Mati mai albasa. Kwananta arba'in da uku a takaba. Kun san yadda ake yi: wata huɗu da kwana goma ba kitso, ba lalle, ba kwalli, ba fita, zane ɗaya, 'yar wuƙa a hannu duk inda ta motsa. Ita ko ƙuri'ar ba ta jefa ba. Gidanta ne kawai ya yi kusa da rumfar. Ƙarfe biyu ana rufe layi, wakilin Namadi ya sauko daga kan suri ya cire hularsa ya mayar, ashe alama ce, sai ga 'yan banga wajen goma sha biyar, waɗanda aka haye da su tun da safe, sun taso da sanduna da adduna. Maza suka watse. Kada ku yi murmushi, da kuna wurin da ku ne za ku riga kowa gudu. Ɗan sanda ɗayan da aka turo shi ya fara tsallake zana. Malamin zaɓe ya rungumi akwatin ya wurga shi ta kan danga, ya faɗa tsakar gidan Hansai, kusa da turmi.

Ta ɗauka ta shige ɗaki ta zauna a kai. 'Yan banga suka cika tsakar gida, babbansu ya ce ta miƙo. Ta ɗaga asaberi, wuƙar takaba a hannunta, ta ce, “Ga ƙofa nan a buɗe. Wanda uwarsa ta gaji da shi ya shigo.” A ƙasar nan an ɗauka duk namijin da ya tsallake ƙofar mai takaba, ko ya taɓa jikinta, ba zai ga wata damina ba. Samarin nan sun sha abin da suka sha, amma ba wanda ya sha isasshen da zai manta da wannan. Sai suka ja baya suka tsare ƙofar gida, suka ce to a zauna a haka har biyar ta yi, su ba su yi asara ba.

Hansai ta fahimci lissafinsu. Akwati a ɗaki da akwati a fashe duk ɗaya ne, muddin ba a ƙirga ba. Ta dubi 'ya'yanta uku, waɗanda kwamin albasar ubansu shi ne duk abin da ya bar musu. Ta yi gammo ta ɗora akwatin a ka, ta fito da rana tsaka, ba takalmi, ta ratsa tsakiyar 'yan banga suna darewa kamar ta ɗauko wuta, ta sauke shi a gindin marke. Mazan da ke leƙe ta bayan rumbuna suka ga mai takaba ta yi abin da suka kasa. Kunya ta fito da su, kowa da fartanya ko galma a kafaɗa, suka kewaye akwatin. 'Yan banga suka ga yawan ya fi ƙarfinsu, suka sulale zuwa bakin fito, inda ake shiga jirgi, suka tare hanya.

Na biyu shi ne malamin zaɓen nan da ya wurga akwati, Malam Ilu. Malamin firamare ne, shekara talatin da uku yana cin alli, saura biyu ya yi ritaya. Ba ɗan garin ba ne, aiki ya kawo shi, ba shi da ko taku ɗaya a fadama. Ya zazzage ƙuri'u a tabarma ya shiga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana faɗa da ƙarfi, jama'a na amsawa kamar 'yan aji ɗaya. Tulu ɗari uku da sha takwas. Tsani casa'in da bakwai. Masu saurin lissafi suka fara kabbara tun bai rufe baki ba, don in aka haɗa da na gari, Tasi'u ya wuce da ƙuri'a tara.

Bai kai ga rubutawa ba wakilin Namadi ya zo ya ce ana kiransa a waya. Dole Malam Ilu ya tattare riga ya hau suri, tsoho da shi, duk gari na kallo. Maigidansa ne na ofishin ilimi. Ya ce masa, “Ilu, ai an yi tashin hankali a rumfarka. Rubuta an soke, ka taho gida. Ba ƙarya ka yi ba. Ka tuna shekara biyu ta rage maka, kuma ka san a teburin wa takardunka suke.” Kuma ku lura, da ya rubuta hakan ba mai kama shi da laifi, don tashin hankali an yi shi. Malam Ilu ya ce, “Ranka ya daɗe, shekara talatin da uku ina dukan 'ya'yan mutane a kan satar amsa. Iyayensu ga su nan a ƙasa suna kallona.” Ya miƙa wa mai waya wayarsa ya sauko.

Ya zauna ya cika takardar da irin rubutun da yake yi a allo, lamba da lamba, sannan ya sake rubuta su da kalmomi don kada wani ya mayar da uku takwas a hanya. Ya buga hatimi ya sa hannu. Ya miƙa wa wakilin Tasi'u biro ya sa hannu. Ya miƙa wa na Namadi, wanda ya ce hannunsa ciwo yake. Malam Ilu ya ce, “Ba da shi ka riƙe waya yanzu ba?” Mutumin ya dubi galmomin da ke kewaye da shi, ciwo ya warke. Lokacin ƙarfe huɗu saura kaɗan, ga gulbi a gaba.

Na uku Barau ne, mai fito. Jirage bakwai ke haye da mutane a Gangare. Tun daren jajibere an bi masu su an shafa musu abin da aka shafa, da suka gama haye da 'yan banga suka ɗaure jiragensu da sarƙa a tsallake suka ɓace, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Barau kaɗai ya mayar musu da kuɗinsu. Jirginsa na maɗaci ne, ubansa ya sassaƙa shi, kuma da shi yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Ya san in ya kawo shi bakin fito za a farfasa shi, shi ya sa tun da safe ya ɓoye shi cikin ciyawa, can ƙasa da gari.

Sai dai inda ya ɓoye shin, wurin hayewa ɗaya ne, wani maƙoshin duwatsu da masunta ke kira Hana-Wanka. Ko da rani ba a bi ta nan. Malam Ilu ya dubi ruwan yana tafasa ya ce shi fa ko a kududdufi bai iya iyo ba. Barau ya karɓi takardar ya naɗe ta, ya zura a cikin goran kamun kifinsa, irin babban nan da masunci ke kwanciya a kai, ya toshe bakin da tsumma da kakin zuma. Ya ɗaura goran a ƙirjin Malam da igiya ya ce, “Gora ba ya nutsewa. Malam, kome ya faru kada ka saki wannan.”

Sun ci kashi biyu cikin uku na gulbin ruwa ya ɗauki jirgin ya maka shi da dutse. Jirgin da ya shekara arba'in yana fito ya rabe biyu kamar ɓawon gyaɗa. Kafaɗar Barau ta dama ta shiga tsakanin katako da dutse, ya ji ƙarar ƙashinsa da kunnensa. Da hannun hagu ɗaya ya kama igiyar goran, yana bugun ruwa da ƙafa, yana jan tsoho mai salati, har ƙafarsu ta taɓa yashi. Ya ce, “Malam, gudu. Ni nan na tsaya.” Ya kwanta a bakin gaɓa yana kallon guntayen jirgin ubansa suna wucewa.

A makarantar da ake tattara sakamako kuwa, makaɗan Namadi sun riga sun fara gwada kalangu, an kayar da sa ana feɗewa. Baturen zaɓe ya miƙe, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya. Sai ga wani tsoho jiƙe sharkaf, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, da gora a ƙirji. Aka yi dariya, aka zaci mahaukaci ne. Ya ɗora goran a tebur ya fasa shi da dutse, takarda ta fito a bushe. Baturen zaɓe ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ɗaga ta a hasken taga yana neman inda zai kama. Lamba ta yi daidai da kalma, ga hatimi, ga sa hannun wakilin Namadi da kansa. Da muryar da ba ta kai ƙofa ba ya karanta: Namadi dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da tara, Tasi'u dubu ɗaya da ɗari biyar da takwas. Kalangu ya yi shiru. Naman san nan dai ban san wanda ya ci shi ba.

Wannan ita ce ƙuri'a taran da rediyo ya karanta a cikin numfashi ɗaya. Yanzu ku ji abin da aka biya a kanta.

Hansai, wan mijinta mutumin Namadi ne. Ya tara dangi ya ce ta karya takaba, ta fita tsakiyar maza ƙasar kabarin ƙaninsa ba ta bushe ba. Liman ya ce lalura ce, ba laifi a kanta, amma dangin miji ba fatawa suka zo nema ba. Ranar da ta cika wata huɗu da kwana goma, ranar da ake yi wa mace wanka da kitso a taya ta murna, ita ranar aka ɗaura mata kayanta aka mayar da ita ƙauyen iyayenta can gabas. Aka riƙe 'ya'yan biyu manya, aka bar mata na goye. Ta tafi tana cewa ba kome, ai kwamin ubansu na nan.

Malam Ilu, ba a yi wata ba takarda ta same shi. Wai ya bar makaranta ba izini, wai ya jawo wa hukuma abin kunya. Aka sallame shi, shekara talatin da uku suka bi ruwa kamar jirgin Barau. Ya yi ta hawa da sauka a ofis har takalminsa ya cinye, kullum a ce maigida ya fita. Ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu can arewa, yana koya wa 'ya'yan maƙwabta karatu a zaure, ana biyansa da kwanon hatsi.

Barau, maɗori ya yi iya yinsa, kafaɗa ta ɗoru a karkace. Hannun dama bai ƙara ɗaga filafili ba. Sauran masu fito, da kunyar abin da suka yi ta zame musu ƙiyayya, suka ce ya karya dokar sana'a da ya bi ta Hana-Wanka, suka cire shi daga layi. Ya koma wata tungar masunta can kudu, yana ɗinkin komar kamun kifin wasu da hannun hagu da haƙori.

Duk wannan mutanen Gangare sun haɗiye shi, suna cewa ai fadama ta tsira. To, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wata na farko Tasi'u yana zuwa Juma'a gida. Wata na uku baƙin man ya fita daga faratansa. Wata na biyar ya kama haya a gari, wai don ya fi kusa da aiki. A wata na bakwai aka kawo takardar fadama gaban majalisa. Ciyaman ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Biyar suka tashi. Sai na shida ya taso a hankali, rabi-rabi, kamar mai sosa ƙeya, amma magatakarda ya ƙirga shi. Hannun dama ne, wannan dai na gindin marke. Kuma bai bushe ba, jama'a! Har agogo aka ɗaura masa.

Kun san da me aka saye shi? Ba mota ba, ba gida ba. Kujerar Makka. Guda biyu, tasa da ta uwarsa. Ka sayar da abincin gari guda don ka je ka roƙi Allah gafara! Kafin albasa ta yi kai aka zo da mota mai haƙa, aka bi ta kan kwamin Mati da na kowa, aka ja waya mai ƙaya, aka sa maigadi. A rani na gaba Gangaren Marke ta watse ci-rani kamar kowane ƙauyen tudu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tasi'u ya zo wa uwarsa da albishir da jakar alhazai sabuwa fil. Iya Yalwa tana tsinke zogale, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, “Mayar musu da tawa. Ba zan taka ƙasa mai tsarki da ƙasar marayu a tafin ƙafata ba.” Ya durƙusa ya ce ta sa masa albarka. Ta ce, “Kai ɗan gidan wa ne da ba ka san al'ada ba? Maniyyaci ba ya tafiya sai ya bi ƙofa ƙofa ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa. Haƙƙin Allah, Allah na yafewa a can. Haƙƙin mutum a nan ake barinsa, kuma a nan za ka dawo ka tarar da shi. Gari guda ka cuta, amma uku ne suka ɗauke ka a ka. Je ka durƙusa musu. Kafin nan bakina ba shi da albarkar da zai ba ka.”

Ya ce to. Amma kunya ta fi dutse nauyi, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi, yana ta ɗinke-ɗinken fararen kaya. Ran nan da hantsi sai rediyo ya yi shela, maniyyatan ƙaramar hukumarsu su hallara a sansani kafin la'asar, wanda ya makara jirgi ba ya jira. Ya ɗauki ƙwaryar goro ya hau babur ya zo wurin uwar a rikice. Ta dubi rana ta ce, “Ka cinye kwanakinka. Ƙofa ɗaya za ka iya kaiwa ka dawo. Tafi wurin wanda ka fi zalunta a cikinsu. In ka zaɓa daidai na sa maka albarka, sauran biyun ka bi su in Allah ya dawo da kai. In ka zaɓa ba daidai ba, ka ƙara zalunci a kan zalunci, kada ka biyo ta nan.”

Ya fito ya tsaya a mararraba, inda hanya ta rabu uku, gabas da arewa da kudu. Mutanen da ke zaune a wurin suka gane shi, suka gane abin da ya kawo shi, nan take gardama ta kaure a kansa, shi yana riƙe da ƙwarya kamar gunki.

Wasu suka ce gabas, wurin Hansai. Ba don ita ba da ba abin da za a ƙirga. Ba aikinta ba ne, ba sana'arta ba ce, ba wanda ya aike ta, mace ce a cikin makoki ta fito inda maza suka gudu. Aiki ana samun wani, jirgi ana sassaƙa wani, amma ita mutuncinta aka taɓa, aka raba ta da 'ya'yanta, kuma kwamin da ta yi duk wannan dominsa an bi ta kansa da mota. Sai wani ya ce ai don 'ya'yanta ta yi, kuma ta san ba mai iya taɓa ta.

Wasu suka ce arewa, wurin Malam Ilu. Ba don shi ba da akwatin da Hansai ta tsare ya zama tarkace da layi ɗaya na biro. Shi kaɗai ne ba shi da kome a fadama, ba ɗan gari ba, ba dangi ba. Shi kaɗai aka buɗe wa ƙofar fita ba tare da ƙarya ba, ya ga abin da zai rasa ƙiri-ƙiri, ya ƙi. Kuma tsufa ya riga ya kama shi, ba shi da sauran shekarun da zai sake gini. Sai wani ya ce ai aikinsa ya yi, rantsuwa ya ɗauka, kuma da ma ba don Tasi'u ya yi ba balle ya ce Tasi'u ya ci amanarsa.

Wasu suka ce kudu, wurin Barau. Ba don shi ba da takardar Malam, duk kyan rubutunta, ta kwana a ƙetare an yi sanarwa ba ita. Su biyun sun sa mutunci da aiki, shi rai ya sa, nasa da na wani. Ya mayar da abin da 'yan'uwansa shida suka karɓa, ya rasa gadon ubansa, ya rasa sana'arsa. Kuma ku duba, hannun da aka yi rantsuwa zai bushe yana nan da agogo, na Barau ne ya bushe a madadinsa. Sai wani ya ce ai ba wanda ya ce ya bi ta Hana-Wanka, kasada ce irin ta 'yan ruwa, kuma shi 'ya'yansa na gabansa.

A nan na bar shi, injin babur na kaɗawa, goro na shan rana, inuwa ta fara karkata. Ni ban yafe masa ba, amma ba ni aka tambaya ba, kuma kada wani ya ce mini ya fasa tafiyar ko ya bi duka ukun, uwarsa ta riga ta yanke. Hanya ɗaya ce. Dogara, kai da ka fi kowa ɗaga murya a kan zaɓe, da kai za a fara, sannan a zagayo.

To, tsakanin mai takabar da ta tsare akwati, da malamin da ya ƙi soke shi, da mai fiton da ya haye da shi, a ƙofar wa Tasi'u zai durƙusa?